Karanta Gadon Ƙwayoyin Cuta Domin Tsaron Abincin Gwangwani

A ranar 3 ga watan Agusta na shekarar 2013, hukumomin ƙasar Niyu Zilan suka ba da wata sanarwa wadda ta tayar da hankalin iyaye a ƙasashen Asiya da dama. Kamfanin Fonterra, wanda ya fi kowane kamfani a ƙasar sayar da madara zuwa ƙasashen waje, ya bayyana cewa ana zaton wata ƙwayar cuta mai mugun dafi, wadda masana ke kira Clostridium botulinum, ta shiga cikin tan 38 na wani gari da a ke samu daga ruwan madara. Da irin wannan gari ne wadansu kamfanoni su ke haɗa madarar jarirai ta gwangwani. Nan da nan ƙasar Sin ta tsai da shigar wadansu kayan madara daga Niyu Zilan, kamfanin Danone na Faransa kuma ya janye gwangwanayensa daga kasuwanni daban-daban.

Wata bai zagayo ba, watau ran 28 ga Agusta, sai hukumomin suka sake fitowa da wani bayani. Gwaje-gwajen da aka ƙara yi a ɗakunan bincike na Amurka da na Niyu Zilan sun nuna cewa ƙwayar da aka gani wata 'yar'uwarta ce mai suna Clostridium sporogenes, wadda ta kan ɓata abinci amma ba ta yin wannan dafi. Babu jariri ko ɗaya da ya kamu da cutar. Asara kuwa ta riga ta auku, domin a shekarar 2017 wata kotun sasantawa a Singafo ta umurci Fonterra ya biya Danone Yuro miliyan 105. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Rarrabe ƙwayoyi biyu masu kama da juna haka shi ne aikin da ilmin karanta jerin haruffan gado ya zo ya sauƙaƙa, kuma yau shi ne babban makamin masu binciken abincin gwangwani.

Asalin Abincin Gwangwani

Wani Bafaranshe mai sana'ar dafa abinci da yin alewa, Nicolas Appert, shi ne ya fara gano cewa idan an zuba abinci cikin kwalba, an toshe bakinta sosai, sa'an nan an dafa ta cikin tafasasshen ruwa, abincin ya kan daɗe bai lalace ba. A shekarar 1810 gwamnatin Faransa ta ba shi kyautar faran 12,000 bisa sharaɗin ya buga littafi ya bayyana dabararsa ga jama'a. A cikin shekarar nan ce wani Baturen Ingila, Peter Durand, ya sami takardar mallakar dabarar yin amfani da gwangwanin ƙarfe maimakon kwalba. Zuwa 1813 Bryan Donkin da abokan aikinsa sun buɗe masana'anta a unguwar Bermondsey ta birnin Landan, suna yi wa mayaƙan ruwa na Ingila naman gwangwani.

Abin mamaki shi ne, Appert ya mutu bai san dalilin da ya sa dabararsa ta ke aiki ba. Sai bayan shekara hamsin, sa'ad da Louis Pasteur ya tabbatar cewa wadansu ƙananan halittu da ido ba ya gani su ne ke ruɓar da abinci, aka fahimci cewa wuta tana kashe su ne, murfi kuma yana hana wadansu shiga. Duk da haka masu masana'antu suka ci gaba da yin asara, gwangwanaye suna kumbura suna fashewa cikin sito. A shekarar 1895 William Underwood, jikan mai wata tsohuwar masana'antar gwangwani a Boston, ya kai kukansa babbar makarantar fasaha ta Massachusetts. Shi da wani malami, Samuel Prescott, suka gano cewa akwai ƙwayoyin da su kan naɗe kansu cikin wani ƙwanso mai tauri idan sun ji wuya, su kwanta kamar irin shuka a lokacin rani. Tafasasshen ruwa ba ya kashe su. Da zarar gwangwani ya huce, sai su farfaɗo su soma yaɗuwa.

Ƙwayar Da Aka Fi Tsoro

A watan Disamba na 1895 ɗin nan, a ƙauyen Ellezelles na ƙasar Beljiyam, makaɗa 34 suka ci naman alade mai gishiri bayan sun tashi daga wajen jana'iza. Da yawa daga cikinsu suka kwanta, uku suka mutu. Farfesa Emile van Ermengem na Jami'ar Ghent ya binciki ragowar naman, ya tsamo ƙwayar da a yau a ke kira Clostridium botulinum. Tana zaune cikin ƙasa da laka a ko'ina a duniya, ƙwansonta kuma ya kan manne wa kayan lambu da kifi da nama. Ba ta girma inda iska ke shiga, saboda haka cikin rufaffen gwangwani wuri ne da ya dace da ita ƙwarai.

Dafin da ta ke fitarwa yana cikin mafi ƙarfin guba da aka sani. Yana tsinke saƙon da jijiya ke aika wa tsoka. Galibi bayan awa 12 zuwa 36 da cin abincin, mutum ya kan fara ganin abu ɗaya ya zama biyu, fatar idonsa ta saki, magana da haɗiya su gagara, sa'an nan shanyewar ta gangaro zuwa ƙirji har numfashi ya tsaya. Ba a cika yin zazzaɓi ba, hankalin majiyyaci kuma yana nan daram. Akwai makarin dafin, wanda a ke samu daga jinin dawakai, amma yana tare dafin da bai riga ya kama jijiya ba ne kaɗai, don haka jinkiri yana da haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na waɗanda suka kamu su kan mutu. An raba dafin zuwa iri bakwai da aka daɗe da sani, daga A zuwa G. A da B da E, wani lokaci da F, su ne ke kama mutane.

Bayan da zaitun na gwangwani da na kwalba ya kashe mutane a Amurka cikin 1919 da 1920, masu masana'antu suka ba da kuɗi aka yi bincike. A shekarar 1922 J. R. Esty da Karl Meyer suka buga sakamakon awon da suka yi na juriyar ƙwanson ga zafi. Ƙwanson na iya jure tafasa ta awoyi da dama a digiri 100, amma a cikin tukunyar tururi mai matsi, a digiri 121, kowane daƙiƙa 13 ko kusa da haka yawan ƙwayoyin ya kan ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma. Daga nan aka fitar da ƙa'idar da a ke bi har yau: a tabbata tsakiyar gwangwani ta sami zafin da ya yi daidai da minti uku a digiri 121, abin da zai rage ƙwayoyi miliyan sau miliyan su koma ɗaya. Wannan ƙa'ida ta shafi abinci maras tsami, kamar nama da kifi da wake da madara. Abinci mai tsami, wanda awon tsaminsa ya yi ƙasa da 4.6, kamar yawancin tumatirin gwangwani, ƙwayar ba ta iya girma cikinsa.

Ƙa'ida ce mai kyau, sai dai ɗan Adam da injinsa su kan yi kuskure. A 1971 miyar gwangwani ta kamfanin Bon Vivant ta kashe wani mutum a jihar New York, kamfanin ya karye, gwamnatin Amurka kuma ta kafa sababbin dokoki kan abinci maras tsami a 1973. A 1978 tsofaffi huɗu a birnin Birmingham na Ingila suka ci kifin gwangwani da aka kawo daga Alaska, biyu suka mutu. A 2007 wata miyar nama ta kamfanin Castleberry's da ke jihar Jojiya ta kwantar da mutum takwas, aka janye miliyoyin gwangwanaye. A watan Satumba na 2023, lokacin gasar ƙwallon zari-ruga ta duniya, mutum 15 daga ƙasashe daban-daban suka kamu a birnin Bordo na Faransa bayan sun ci sardin da wani gidan abinci ya adana da kansa cikin kwalabe. Mace ɗaya ta rasu.

Tsohuwar Hanyar Bincike

Kusan shekara ɗari masu bincike suna bin hanya guda. A kan ɗebi kaɗan daga abincin da a ke tuhuma, a shafa a kan wani abu mai kama da daskararren romo cikin faranti, a ajiye a wuri mai ɗumi har ƙwayoyin su yaɗu su zama ɗigo-ɗigo da ido ke gani. Sa'an nan a rina su da rinin da Hans Christian Gram na ƙasar Denmak ya ƙago a 1884, a duba siffarsu da madubin likita, a kuma gwada irin sukarin da su ke ci da irin iskar da su ke fitarwa. Domin tabbatar da dafi kuwa, sai a yi wa ɓeraye allurar ruwan abincin, wadansu tare da makari, wadansu babu, a zuba musu ido har kwana huɗu a ga waɗanda za su mutu.

Wannan hanya ta ceci rayuka masu yawa, amma tana da rauni. Tana cin kwanaki, wani lokaci makonni. Akwai ƙwayoyin da ba su yarda su girma cikin faranti ba. Akwai kuma waɗanda siffarsu da abincinsu ɗaya ne, alhali ɗaya mai kisa ce, ɗayar kuma ba ta cutar da kowa. Ɓera ma na iya mutuwa saboda wani dalili dabam. Gwajin ɓeraye ne ya ƙarfafa zaton da aka yi a Niyu Zilan.

Rubutun Da Ke Cikin Kowace Ƙwaya

Kowace halitta mai rai tana ɗauke da wani dogon zare na sinadari wanda masana ke kira DNA, a cikinsa ne aka tsara duk abin da za ta gada daga iyayenta. A 1953 James Watson da Francis Crick suka bayyana siffarsa a Kambirij, bisa taimakon hotunan da Rosalind Franklin ta ɗauka. Zaren ya ƙunshi ƙananan sinadarai iri huɗu da aka jera ɗaya bayan ɗaya, ana yi musu alama da haruffan A, C, G da T. Yadda aka jera su shi ne saƙon. Kamar yadda rake ke da gaɓa-gaɓa, haka zaren ya kasu, kowace gaɓa da aikinta: wata tana tsara yadda za a gina ƙwanso, wata yadda za a narkar da sukari, wata kuma yadda za a haɗa dafi.

Abubuwa uku ne suka mai da wannan sani ya zama kayan aiki. A 1977 Frederick Sanger na Ingila ya fito da dabarar karanta haruffan ɗaya bayan ɗaya, abin da ya ba shi lambar Nobel ta biyu a 1980. A shekarar 1977 ɗin dai, Carl Woese da George Fox na Jami'ar Illinois suka nuna cewa akwai wata gaɓa, mai suna 16S, wadda kowace bakteriya ke da ita. Tsawonta kimanin haruffa 1,500 ne. Wadansu sassanta kusan iri ɗaya ne a wurin dukan bakteriya, wadansu kuma sun bambanta daga dangi zuwa dangi, kamar dai yadda tsagen fuska ke nuna zuriyar mutum a da. Na uku, a 1983 Kary Mullis ya ƙago hanyar ninka gaɓa guda ta zama kwafi masu ɗimbin yawa, ta hanyar ɗumama ruwan gwaji da sanyaya shi sau da yawa. Kowane zagaye yana ninka adadin sau biyu, saboda haka zagaye talatin na iya ba da kwafi kusan biliyan ɗaya. Sinadarin da ke yin wannan kwafi an samo shi ne daga wata bakteriya da ke zaune cikin maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka, shi ya sa zafi ba ya lalata shi.

Ga yadda aikin ke gudana a ɗakin bincike. A kan auna gwangwanin da ya kumbura, a duba ɗinkin bakinsa, a wanke shi a kashe ƙwayoyin da ke bayansa, sa'an nan a huda shi a wuri mai tsabta a ɗebi abincin. A kan raina ƙwayoyin tukuna a zafi biyu, wajen digiri 35 da kuma digiri 55, da iska da kuma babu iska. Daga ɗigo guda a kan kankaro kaɗan, a fasa ƙwayoyin da sinadari ko da ƙananan duwatsun gilashi, a tace zaren gadonsu. A ninka gaɓar 16S, a sa cikin na'ura ta karanta. Jerin haruffan da ya fito sai a kwatanta shi da waɗanda ke cikin manyan rumbunan kwamfuta, irin su GenBank na Amurka wanda aka kafa a 1982. Idan jerin ya dace da na wata sananniyar ƙwaya da kusan kashi 99 cikin ɗari, to, an sami sunanta ko na 'yar'uwarta ta kusa. Abin da a da ke cin makonni yanzu ya kan ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu bayan ƙwayar ta girma.

Sunan Ƙwaya Yana Tona Inda Aka Yi Sakaci

Ruwa ba ya tsami banza. Amfanin sanin sunan ƙwayar shi ne yana gaya wa mai masana'anta wurin da laifi ya ke. Idan an sami tarkacen ƙwayoyi iri-iri waɗanda ba su da ƙwanso, waɗanda wuta kaɗan ke kashewa, to, bayan dahuwa suka shiga. Gwangwani mai zafi idan ana sanyaya shi cikin ruwa ya kan zuƙo ɗigon ruwan ta duk wata kafa da ke ɗinkinsa. Abin da ya faru ke nan a birnin Aberdeen na Sikotlan a 1964, inda fiye da mutum 400 suka kamu da zazzaɓin taifot daga naman gwangwani da aka kawo daga Ajantina, wanda aka sanyaya da ruwan kogi maras magani. Maganin irin wannan shi ne gyaran injin ɗinki da sa sinadarin kilorin cikin ruwa.

Idan kuwa ƙwaya ɗaya tak aka samu, mai ƙwanso, wadda ke girma a zafin ɗaki, kamar sporogenes, to, dahuwar ce ba ta kai ba. Wannan ya fi tayar da hankali, domin inda sporogenes ta tsira, botulinum ma na iya tsira. Saboda haka ne ma masana ke amfani da wani jinsin sporogenes da aka tsamo daga ruɓaɓɓiyar masarar gwangwani a 1927 wajen gwada tukwanen tururi, tun da ya ke ƙwansonsa ya fi na botulinum juriya, kuma ba shi da dafi.

Akwai kashi na uku, watau ƙwayoyi masu son zafi. Ƙwansonsu ya fi na botulinum juriya fiye da ninki goma, dahuwar da aka saba yi ba ta gamawa da su duka, kuma masana'antu sun san haka. Ba su sa mutum ciwo, ba su kuma farfaɗowa muddin an ajiye gwangwani a wuri mai sanyi. Geobacillus stearothermophilus ta kan mai da abinci tsami ba tare da murfi ya kumbura ba. Thermoanaerobacterium ta kan cika gwangwani da iska har ya fashe. Wata kuma ta kan baƙanta abinci ta sa shi warin ruɓaɓɓen ƙwai. A Faransa, masu bincike na cibiyar fasahar adana abinci suka yi shekara goma suna tara samfurori fiye da 400 na gwangwanayen da suka lalace bayan an ajiye su a digiri 55, suka karanta gaɓar 16S ta ƙwayoyin, suka buga sakamakon a 2013. Dangin Geobacillus sun ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku. Dangin Moorella, waɗanda tsofaffin littattafai ba su ba muhimmanci sosai ba, su ma sun ɗauki kimanin kashi ɗaya cikin uku.

Wannan batu ya shafi ƙasashe masu zafi kai tsaye. A Sakkwato da Maiduguri da Yamai, zafin watan Afrilu ya kan wuce digiri 40 a inuwa, cikin shagon kwano ko bayan babbar motar da ta ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Ikko kuwa ya fi haka. Gwangwanin da zai yi shekaru lafiya a Turai na iya tsami a nan cikin 'yan makonni. Shi ya sa a kan ƙara wa kayan da za a aika ƙasashe masu zafi tsawon dahuwa. Ƙwayar da aka fi sani da ɓata tumatirin gwangwani, Bacillus coagulans, ita ma tana son ɗumi, kuma tun 1915 aka fara tsamo ta a jihar Iowa daga madarar gwangwani da ta daskare.

Inda Gaɓa Guda Ba Ta Isa Ba

Gaɓar 16S tana da iyaka, kuma a daidai wurin da ya fi haɗari. Jerin haruffan sporogenes da na babban rukunin botulinum sun yi kusa da juna har ba a iya dogara da su wajen rarrabewa. Bambancin yana wata gaɓa dabam, wadda ke tsara dafin. Bugu da ƙari, wannan gaɓar dafi tana iya ƙaura daga wata ƙwaya zuwa wata. A tsakiyar shekarun 1980 aka tabbatar a birnin Rum cewa wadansu jarirai sun kamu da cutar daga Clostridium butyricum, ƙwayar da a ke ɗauka ba ta da illa, ashe ta ɗauko gaɓar dafin E. An kuma sami Clostridium baratii tana yin dafin F. Saboda haka tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko ƙwayar tana ɗauke da gaɓar dafin, ko da wane suna a ke kiranta.

Amsar ita ce a karanta zaren gaba ɗayansa. A 1995 aka fara karanta cikakken gadon wata bakteriya, Haemophilus influenzae, mai haruffa miliyan 1.8. A 2007 Cibiyar Sanger ta Ingila da abokan aikinta suka buga na botulinum, mai haruffa kusan miliyan 3.9. A wancan lokaci aiki ne na shekaru da kuɗi masu yawa. Na'urorin zamani, irin na kamfanin Illumina, suna yanka zaren gunduwa-gunduwa, su karanta miliyoyin guntaye a lokaci guda, kwamfuta ta harhaɗa su. Gadon ƙwayoyi da dama ya kan fito cikin kwana ɗaya ko biyu. Akwai kuma wata ƙaramar na'ura, MinION, wadda ba ta fi tafin hannu ba, da aka yi aiki da ita a ƙasar Gini a 2015 wajen karanta gadon ƙwayar Ebola.

Bin Sawun Cuta

Cikakken jeri yana yin wani aikin kuma. Idan ƙwayar da aka samu a jikin majiyyaci, da wadda aka samu cikin gwangwani, da wadda aka kankaro daga bututun masana'anta sun bambanta da haruffa kaɗan ƙwarai cikin miliyoyi, to, tushensu ɗaya ne. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta kafa wani tsari mai suna PulseNet a 1996 domin ɗakunan bincike su riƙa musayar irin wannan shaida, a 2019 kuma tsarin ya koma ga karanta cikakken gado. Hukumar abinci da magunguna ta ƙasar ta soma nata, GenomeTrakr, a 2012, inda a ke zuba jerin ƙwayoyin da aka samu cikin abinci domin kowa ya duba.

Afirka ta ga amfanin wannan dabara a Afirka ta Kudu, ko da ya ke abincin da ya jawo annobar ba na gwangwani ba ne. Daga 2017 zuwa 2018 cutar listeriya ta kama mutum 1,060, ta kashe 216, da yawansu jarirai sababbin haihuwa. Cibiyar cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasar ta karanta gadon ƙwayoyin, ta ga yawancinsu jinsi ɗaya ne, ST6. Aka sami jinsin nan a wata masana'antar sarrafa nama da ke Polokwane. Ran 4 ga Maris, 2018, Ministan Lafiya Aaron Motsoaledi ya ba da sanarwa, aka janye kayan, yawan masu kamuwa ya ragu cikin makonni.

Duk da haka, karanta gado bai kori tsohuwar hanya ba. Zaren gado ya kan saura cikin abinci bayan wuta ta kashe ƙwayar, saboda haka ganinsa kaɗai ba ya nuna cewa akwai mai rai. Ƙwaya na iya ɗaukar gaɓar dafi amma ba ta fitar da shi ba. Dafin ma na iya kasancewa cikin abinci bayan ƙwayar ta mutu. Dole ne a haɗa da rainon ƙwayar da kuma gwajin dafin kansa, ko da ɓeraye ko da na'urorin awon sinadari da suka fara maye gurbinsu. Rumbunan kwamfuta kuma suna da jerin da aka sa wa suna bisa kuskure, sai mai ilmi ya iya tacewa.

Abin Da Ya Rage Ga Hukuma Da Mai Saye

A Nijeriya, hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin kula da ingancin abincin da a ke sarrafawa ko shigowa da shi, tana kuma da ɗakunan gwaji a Oshodi da Kaduna. Ilmin karanta gado ma ya riga ya samu gindin zama a ƙasar. A watan Maris na 2020, cibiyar binciken gadon ƙwayoyin cuta ta Jami'ar Redeemer's da ke Ede a jihar Osun, ƙarƙashin Farfesa Christian Happi, tare da abokan aikinta, ta fitar da cikakken jerin ƙwayar korona na farko daga nahiyar Afirka. Na'urar da ta karanta korona ita ce za ta karanta ƙwayar da ke cikin gwangwanin sardin. Abin da a ke bukata shi ne ma'aikatan da suka ƙware, da wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da sinadaran gwaji a kan kari, da kuma haɗin kai tsakanin asibitoci da masu duba abinci. Ɗaliban kimiyyar halittu da na kwamfuta suna da fage mai faɗi a nan, domin tace miliyoyin haruffa aiki ne na lissafi kamar yadda ya ke aikin ɗakin gwaji.

Mai saye ma yana da nasa aikin. Gwangwanin da murfinsa ya kumbura, ko ya ke yoyo, ko ya lotsa a kan ɗinki, ko ya yi tsatsa mai zurfi, ko ya yi feshi sa'ad da aka huda shi, lalle ne a guje shi komai arharsa, kada kuma a ɗanɗana don a gwada. Abincin da ke da dafin botulinum ba kullum ya ke wari ko sake launi ba. Tafasa ta minti goma tana lalata dafin, amma wannan kariya ce ga abincin da ba a ga alamar lalacewa a jikinsa ba. Wanda ya riga ya nuna alama sai zubarwa inda yara da dabbobi ba za su kai ba. Masu shaguna da masu kula da sito na makarantu da asibitoci da barikoki su nisanta kayan gwangwani daga rana da rufin kwano, su kuma fara fitar da tsofaffi kafin sababbi.

Idan wani ya fara ganin biyu-biyu ko haɗiya ta gagare shi bayan cin abincin gwangwani, a garzaya da shi asibiti, a gaya wa likita abin da ya ci da waɗanda suka ci tare da shi. A ɗaure gwangwanin da ragowar abincin cikin leda a tafi da su. Lambar da aka buga a gindinsa ita ce za ta nuna masana'anta da ranar da aka yi shi, ragowar abincin kuma daga cikinta ne masu bincike za su tsamo ƙwayar su karanta gadonta, domin a janye sauran gwangwanayen kafin su isa wadansu gidaje.